Albashina yana ƙarewa a kwali da maka, maigida ya fara magana

Assalamu alaikum Inna. Ni malama ce a wata firamare da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Anka. Bara na gama NCE, aka ba ni aji biyu, yara 86, mafi yawansu a ƙasa suke zama. A kwaleji an koya mana cewa darasi ba ya cika sai da kayan koyarwa, kuma duk ranar da masu duba makarantu suka zo, abin da suke fara tambaya ke nan. Makaranta ba ta ba mu komai sai alli, shi ma yakan yanke. Don haka duk ƙarshen wata nakan ba da saƙo Gusau a sayo mini farin kwali da maka, wato alƙalamin rubutu mai kauri, in kwana ina zane, in liƙa a bango. Ba ya daɗewa iska ko gara ko yaran gari sun gama da shi. Maigidana ya fara cewa ni ke biyan gwamnati, ba ita ke biya na ba. Surukata kuma ta ce in dai haka ne gara in zauna gida in riƙa ƙuli-ƙuli. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk da wahalar nan, yaran har yau ba su iya cire 7 daga 23 ba. Na yi wa hedimasta magana, ya ce babu kuɗi. Me ya wajaba in saya, me zan bari? Ko in ajiye aikin ne?

Ɗiyarki, daga Anka.

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya yi miki albarka. Maganar ajiye aiki mu kawar da ita tun farko, ba za ki ajiye ba. Akwai iyayen da ba za su bar ɗiyarsu ta zauna a aji ba sai don sun san mace ce tsaye gaban allo. Abin da za ki ajiye daga wannan wata shi ne sayen farin kwali.

Maigidanki yana da gaskiya, ko da yake shi kuɗin yake kallo, ni kuwa abin da kuɗin ke sayowa nake kallo. Zanen da kika kwana kina yi yana can saman bango, yaron da ke zaune a layin baya ko harafin bai hango ba, na gaba kuma ya kalla sau biyu ya saba da shi. A cikin ajin nan mutum ɗaya ne ya taɓa kwalin da hannunsa, ke ce. Ɗan shekara bakwai kuwa abin da ya ƙirga da yatsunsa, ya ɗaure, ya kwance, ya jera, ya rushe, shi yake zama masa. Saboda haka kafin ki sake fitar da ko naira hamsin, tambayi kanki: hannun yara nawa abin nan zai shiga gobe da safe? In amsar ita ce hannunki kaɗai, mayar da kuɗinki jaka.

Bari in fara da abin da ya fi damun ki, 23 a cire 7. Yaranki ba daƙiƙai ba ne. Yarinyar da ke tallan gyaɗa da la'asar tana ba da canjin ɗari biyu ba ta kuskure. Abin da ya ɓace mata shi ne me ya sa 2 ɗin da ke cikin 23 ta zama ashirin, kuma me ake nufi da «aro» da muke ta faɗi a kan allo. Maganin wannan yana bayan gidan kowa: kara. Ki sa kowane yaro ya zo da tsinke ashirin, na sillen kara ko na tsintsiyar kwakwa, a yanka tsawon tafin hannu. Yara 86 sau 20, kin tashi da tsinke 1,720 ba ki kashe sisi ba. Ki raba ajin rukuni-rukuni, mutum takwas-takwas, za ki sami rukuni goma sha ɗaya, kowane rukuni ya sami tsinke fiye da ɗari. Su ƙirga goma, su ɗaure da roba. Wannan ɗauri ɗaya ke nan. Ashirin da uku ɗauri biyu ne da 'yan warwara uku. Sai ki ce su ba ki bakwai. Za su kalli ukun nan, su kalle ki. Kada ki yi magana. A kowane rukuni ba za a rasa wanda zai miƙa hannu ya kwance ɗauri ɗaya ba, ya haɗa da ukun su zama goma sha uku, ya zare bakwai, a bar ɗauri ɗaya da shida. Sai bayan sun yi haka sau da yawa, da lambobi daban-daban, sannan ki je allo ki rubuta abin da hannunsu ya riga ya yi. Kada ki raina dabarar don ta kara ce. Ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda tsarinta na koyar da yaro daidai matakinsa ya bazu zuwa ƙasashen Afirka har da Najeriya, da tsinke da ɗauri take koyar da wannan darasi.

Ɗauri goma in aka haɗa aka ɗaure da tsumma ya zama ɗari. Kin ga kayan aji biyu sun zama na aji uku.

Bayan tsinke sai abin ƙirga da ake jerawa: marfin kwalbar lemo, marfin gorar ruwa, 'ya'yan tsamiya, ƙwallon dabino. Mai shagon da ke sayar da lemo zubar da marfin yake yi, ki aje masa gwangwani ki ce ya riƙa jefa miki. A wanke da sabulu a shanya. Marfin roba ya fi na ƙarfe, don na ƙarfe yana tsatsa yana yanka, kuma a kan na roba za ki iya rubuta lamba ko harafi. Da marfi goma sha biyu yaro zai jera layi uku na huɗu-huɗu, ya juya ya ga layi huɗu na uku-uku, lissafin sau ke nan ya shige shi ba da waƙa ba. Dattawan da ke dara a gindin bishiya gurbi talatin suke haƙawa, layi biyar na shida-shida, ki tambayi yaran ko gurbi nawa ne ba tare da sun ƙirga ɗaya-ɗaya ba, ki sha kallo. 'Ya'yan tsamiya dai a sa ido, ƙanana kan tura su a hanci.

To, a nan zan tsaya in ja miki kunne, don da daga Argungu ko Jega kika rubuto da na ce yara su tsinto tsakuwa, su ɗebo yumɓu da yashi. Amma Anka kika ce. A 2010 ne aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu, saboda dutsen zinarin da ake kawowa gida a daka a niƙa yana ɗauke da dalma, ƙurarsa ta bi ƙasar tsakar gida, yara suka ci da hannu. Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Haƙar zinari kuwa ba a daina ba. Dalma ba ta da wari, ba a ganin ta, kuma ko ba ta kashe yaro ba tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, wato ainihin abin da kike wahala a kansa. Don haka a ajinki babu tsakuwar da ba ki san inda aka tsinto ta ba, babu yumɓu ko yashi daga inda ake niƙa ko wanke dutse, babu buhun da aka taɓa ɗaukar dutse a cikinsa. 'Yan mata in suna son carafke, su yi da ƙwallon dabino. A aje buta da sabulu a bakin ƙofa, a wanke hannu kafin tara. Sabulun nan yana cikin kayan koyarwa, ni a wurina.

Kuma tunda ana maganar guba: al'adar nan ta fasa tsohon batir a kwaɓa baƙin cikinsa a shafe allo, kada ki sa yara su yi. Gawayi da aka daka lukui aka kwaɓa da ruwan ƙaro yana baƙanta allo, da ƙaron nan dai almajirai ke haɗa tawada.

Almajiran ma su ne za su kai mu ga abu na gaba. Kin taɓa ganin makarantar allo da yara tamanin ke kallon allo ɗaya? Kowane yaro da nasa, a cinyarsa, ya rubuta, ya biya, ya wanke, ya sake. Mu 'yan boko muka zo muka manna allo guda a bango muka ce kowa ya kalla. In akwai abu ɗaya da ya cancanci kuɗi mai kauri a ajinki, to ƙananan alluna ne. Filawud, wato falankin katako mai faɗi, guda ɗaya tsawonsa ƙafa 8 ne, faɗinsa ƙafa 4. In kafinta ya yanka shi inci 12 da inci 8, zai fitar da allo 48. Biyu sun ba ki 96, kowane yaro ya samu har da saura. A goge gefen kada ya soki hannu, a shafa fentin allo, a huda kusurwa a ɗaura tsumman gogewa. Amfaninsa ba ya misaltuwa: ki ce a rubuta «ƙa», ki ce a ɗaga, cikin ƙiftawar ido kin ga waɗanda suka rubuta «ka», kin ga waɗanda ba su rubuta komai ba. Da littafi sai kin kwashe 86 kin kai gida. Amma wannan ba sayayyar albashinki ba ce, zan zo kan wanda zai biya. Kafin a samu, in bangon ajin na siminti ne, a shafa fentin allo a ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yaro a zaune, a zagaye ɗakin, a ja layi kowa da gurbinsa.

Masu fara koyon harafi kuma faranti da dusa ya ishe su, su zana da yatsa, a girgiza a sake. Mariya Montessori, likitar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, haruffa take yankawa da takarda mai kaushi don yara su bi da yatsa kafin su riƙe alƙalami. Yau makarantun da ke ɗauke da sunanta a Abuja sai ɗan wane da wane, alhali ita da 'ya'yan leburori ta fara.

Kwali kuwa ban hana ki shi gaba ɗaya ba, farin na Gusau na hana. Kwalin taliya, na sabulu, na madara, duk ana samu a shago, wani kyauta wani da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ya fi farin ƙwari. Ki yanka shi ƙanana kamar girman katin waya biyu, ki rubuta gaɓoɓi: ba, be, bi, bo, bu, da sauransu, kada ki manta da ɓ da ɗ da ƙ da ts da sh. Hausa tana da sauƙi a nan, abin da aka rubuta shi ake faɗi. Kowane rukuni ya sami ƙunshinsa a leda, su riƙa haɗawa: ma da ta, ga mata, a juya, ga tama. A yi gasa, rukunin da ya fi fitar da kalmomi a tafa masa. Da kwalin nan za ki yanka kuɗin wasa, naira 5 zuwa 1,000, a buɗe kasuwa a kusurwar aji ranar Alhamis, da gwangwanaye da mudu, wata ta zama mai awo, wani ya zama mai saye. Rubutun katunan ma ba ke kaɗai za ki kwana kina yi ba. 'Yan aji shida masu kyan hannu suna nan, ki roƙi malaminsu ya ba ki su rabin sa'a.

In kina son abin rataye a bango, ki kai wa tela buhun sukari ko na fulawa da kika san asalinsa, ya ɗinka masa aljifai layi-layi. Ki riƙa soka katunan a ciki, yara su fito su canza. An tashi, ki naɗe ki tafi da abinki.

To me za ki saya da kuɗinki? Kaɗan ne. Almakashi mai kyau guda ɗaya naki, da ƙanana marasa tsini kamar huɗu. Maka baƙa da ja, irin wadda ba ta gogewa, da kwalbar tawadar ɗuri, don sayen sabuwa duk wata shi ke cinye ki. Ƙunshin robar ɗaure kuɗi, ko ki sa a yayyanka miki tsohon tif ɗin babur. Ƙullin zare mai kauri. Tef ɗin tela, mai santimita 150 a gefe ɗaya, inci 60 a ɗayan. Gam ba sai kin saya ba, ƙaro ko sitacin rogo ya wadatar. Daga tef ɗin nan guda za ki auna igiya mita ɗaya-ɗaya ki ƙulla, kowane rukuni ya auna ƙofa da tabarma da tsayin junansu. Ledar fiya wata santilita 50 ce, biyu sun cika lita, ga darasin awo. Maganaɗisu yana cikin lasifikar tsohuwar rediyo a wurin mai gyara. Wake a gwangwani uku, ɗaya a rana, ɗaya a cikin akwati, ɗaya ba ruwa, ya gama miki darasin tsiro. Sanda a kafe a fili, a riƙa sa alama a bakin inuwarta da safe da hantsi da azahar. Waɗannan ba sai na tsawaita ba, ke da kanki za ki riƙa ƙirƙiro wasu da zarar kin fara.

Abin da malamai ke mantawa, kuma shi ne ya cinye kwalayenki, ma'aji ne. Ajin da ba ƙofa ba taga, da yamma na awaki ne da yaran gari. Ki nemi akwatin ƙarfe, ko tsohon na lefe ne, da kwaɗo. A ɗora shi a kan bulo saboda gara, a ofishin hedimasta in yana kulluwa, in ba ya kulluwa a gidan da ya fi kusa. Kowane rukuni da jakarsa ta buhu, da shugabansa, mace ko namiji, mai ƙirga kaya kafin a tashi. Yaro in aka ce shi ne mai tsaron tsinke, sai ki ga ya fi ki tsanani. Kuma ke kin san halin da muke ciki a Zamfara. A watan Satumba na 2021 an rufe makarantun jihar gaba ɗaya bayan sace ɗalibai a Kaya ta Maradun. Allah ya kiyaye gaba, amma kayan da ke shiga akwati ɗaya ana iya ɗauka a ci gaba da karatu a zaure. Na bango a bango yake zama.

Yanzu hedimasta. Da ya ce babu kuɗi, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, sau da yawa ba a ba su ko na alli. Kada ki koma masa da kuka, kuma kada ki tsallake shi. Ki rubuta a takarda: filawud biyu, fentin allo gwangwani ɗaya, ladan kafinta, akwati ɗaya, da farashin da kika jiyo a kasuwa. Ki ce, Malam, ina roƙon a sa wannan a zaman kwamitin SBMC mai zuwa. Kwamitin nan na al'umma mai kula da makaranta don irin wannan aka kafa shi, akwai wakilin mai gari, da liman, da wakiliyar mata, da masu sana'a. Mutane ba sa motsawa in an ce «makaranta ba ta da kayan aiki», maganar ta yi faɗi. In aka ce filawud biyu, sai wani ɗan kasuwa ya ce ya ɗauki ɗaya, kafintan da ɗansa ke ajinki ya yafe ladansa. Kwafin takardar kuma hedimasta ya miƙa wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne kuma dole, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa masa ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, da takwarorinta na jihohi, SUBEB, kayan koyarwa na ciki. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, ke kina riƙe da fiye da ninki biyu. Ba na ce takardarki za ta sa mota ta iso da kaya jibi ba. Na faɗa miki ne don ki san wannan nauyi na hukuma ne, in kin nema haƙƙin yara kika nema, kuma ki daina jin kunyar abin da ba ke kika gaza ba. Abu ɗaya: kada ki sa wa yara kuɗi da kanki, ko naira ashirin ce. Tsinke da marfi a kawo, kuɗi kuwa sai ta hannun kwamiti, in ba haka ba gobe a ce malama na karɓar kuɗi.

Maigidanki kuma, albashinki naki ne, shari'a ta ba ki, amma zaman aure ba a yin sa da «nawa ne». Ina jin ba kuɗin kaɗai ke damun sa ba, har da matar da ke kwana tana zane a gaban fitila. Ki same shi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki ce kin duba maganarsa kin ga da gaskiya a ciki, kin yanke abin da za ki riƙa kashewa a zango, ba a wata ba, ki faɗa masa adadin, ki kuma tsaya a kai. Sannan ki ba shi aiki. Ki ce ke ba ki san kafintan kirki ba, ba ki iya cinikin katako ba, ya taimaka. Namijin da ya yi cinikin filawud da bakinsa, shi zai riƙa tambayar ki ko allunan suna nan lafiya. Surukarki ba a ja da ita. Ki ce, Inna, a tara mini 'ya'yan tsamiya in an jiƙa ta kunu, ranar albashi kuma goronta da sabulunta kada su yi latti.

Saura masu duba makarantu. Wasunsu, gaskiya, bango suke fara kallo, don shi ne mai sauƙin gani. Ki bar musu buhun aljifan nan a rataye, da jadawalin haruffa guda ɗaya mai kyau. A littafin shirin darasi, gurbin kayan koyarwa, ki rubuta abin da kika yi amfani da shi ɗalla-ɗalla: tsinke da ɗauri, rukuni 11; katin gaɓa, ƙunshi 11. In mai dubawa ya ce ina kayan, ki buɗe akwati, ki raba jakunkuna, ki roƙe shi ya zaɓi yaron da ya ga dama ya ba shi lissafi. Sai dai kada ki yi haka a makon farko. Ranar da kika fara raba tsinke ajin zai rikice, za a yi faɗa, wani zai tsokane wa wani kunne, malamin ajin kusa zai leƙo ya ga ko lafiya. Ki fara da minti goma sha biyar, da abu ɗaya tak, ki kafa doka cewa in kin tafa sau uku kowa ya ɗora hannu a ka. Sai sun saba da tsinke sannan ki fito da kati, sai sun saba da kati sannan a buɗe kasuwa. In zango ya ƙare ki rubuto mini yara nawa ne suka iya cire 7 daga 23, da kuma abin da kwamiti ya ce game da filawud. Ki gaida maigidan da surukarki.